Ranar da Aka Ɓoye Hajo a Ɗakin Shinkafa

Sallama gare ku, masu bibiyata. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, raina a ɓace yake. Wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Jannatu, 'yar Haɗejiya, ni ce mai shafin Ƙurar Kaset, inda nake tono tsofaffin waƙoƙi da finafinan da da wasannin kokawa na zamanin kakanni, in saurara, in kalla, in faɗi ra'ayina ko a ji daɗi ko kar a ji. An zage ni da na ce mawaƙan yanzu na'ura ke yi musu rabin aiki. An zage ni da na ce wani tsohon fim da kowa ke sharar hawaye a kansa, jarumar ba ta iya kuka ba, albasa ce ta rufa mata asiri. Duk wannan ko a jikina. Abin da aka yi a tsakar gidanmu ranar Asabar shi ne ya tsaya mini a wuya.

Sai na fara gaya muku wace ce Hajo, in ba haka ba ba za ku gane zafin ba.

Hajo kakata ce, ita ta haifi Abba. Ɗakinta ne na farko in ka wuce zaure, don haka duk wanda ya shigo gidanmu, ko mai tallan manja ne, sai ya rusuna ya gaishe ta. Tana nan zaune kan tabarmar kaba, carbi a gefe, tana saƙar faifai tana yi wa kowa tsiya. Mutanen unguwa Hajiya Hajo mai faifai suka sani. Kaɗan ne suka san cewa a ƙuruciyarta, can wajen Baturiya, zabiya ce, irin wadda ke tsayawa kusa da masu ganga a filin kokawa tana koɗa maza har ƙato ya manta yana da ƙashi a jiki. Da ta sauke farali ta dawo, sai ta ajiye waƙa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta rera ko ta rarrashin jariri ba.

Shekarar da ruwa ya shigo mana gida, muna kwashe kaya, na tsinci wani kaset a ƙasan akwatinta. An rubuta a jikinsa da biro: Zabiyar Baturiya. Laima ta ci shi, zaren ya manne a wuri guda har ya ruɓe. Na sa reza na yanke ruɓaɓɓen, na haɗa baki biyun da jan farce, na ari tsohuwar rediyon maƙwabcinmu na kunna. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Waƙar wani ɗan kokawa ce na Kirikasamma, Buba Tsai da Ruwa. Waɗanda suka ji sharhin da na yi a kanta za su tuna abin da na ce. Na ce ku saurari yadda take shiga. Mai ganga zai zagayo, ya buɗe mata ƙofa, kowace mawaƙiya a nan za ta faɗa. Ita ba ta faɗawa. Sai ta bari ya wuce da rabin numfashi, har ka fara jin tsoron ko ta manta, sannan ta sako murya daga sama:

*Buba Tsai da Ruwa, na Kirikasamma,*
*Kogi ya taho da fushi, da ya gan ka sai ya rusuna,*
*Wanda ya kama ƙugunka, gindin goriba ya runguma.*

Wannan 'yar makarar ita ce waƙar gaba ɗaya. Ita ke sa gaban mai sauraro ya faɗi, kuma babu na'urar da za ta koya wa mutum ita. Daga nan sai ka ji ƙyas, wurin da na liƙe da jan farce, waƙar ta yi tsalle ta faɗa amshi. Abin da ke tsakanin nan ya tafi da laima. Na roƙi Hajo har da durƙuso ta gaya mini baitin da ya ɓata. Ta ce, "Ni na san wata waƙa? Tashi ki ba ni wuri, 'yar nema." Umma kuwa ta kafa mini sharaɗi, in sa waƙar in na ga dama, amma kar in kuskura in ce mai ita kakata ce. Haka na sa ta da sunan da ke jikin kaset ɗin.

A ƙarshen sharhin na ce, ni a ganina rabin ƙarfin Buba a maƙogwaron zabiyar nan yake. Ba a jima ba wani ya rubuto a ƙasa: "Malama, ki iya bakinki, kakana ne." Na ce masa, "To ka gaida kakan naka, ka kuma tambayo mana ko akwai wanda ke tuna 'yan kokawar da ba a yi wa waƙa ba." Muka yi ta musu mutane suna zuga mu. Mai musun nan shi ne Misbahu. Daga musu aka koma neman lamba, daga lamba aka koma sallama a ƙofar gidanmu da farar shadda da ƙamshin turare.

Misbahu ɗan kasuwa ne, riɗi da shinkafa suke saye su kai Kano, gidansu yanzu gidan alhazai ne. Nasu kaset ɗin ya daɗe da ɓata, sai a shafina suka sake jin waƙar, ya ce ranar har mahaifinsa sai da ya share ƙwalla. Ban ɓoye masa komai ba. Zuwansa na farko-farko na ce masa, "Muryar nan da kake sauraro, mai ita tana bayan bangon nan tana saƙar faifai." Ya miƙe tsaye. Ya shiga ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya riƙa kawo mata dabino da man zafi na gwiwa. Da bakinsa ya ce mini, "Jannah, ashe tun kafin a haife mu aka haɗa mu." Ku riƙe wannan maganar, za ku buƙace ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune ina tsinke zogale, saƙonsa ya shigo.

"Jannah, kina kusa?"

"Ina jin ka."

"Gobe Gwaggo Ramatu za ta zo ganin ki da gaida su Umma. Kin san ita ce bakin gidanmu, abin da ta ce, ko Alhaji babana ba ya musawa."

"Allah ya kawo ta lafiya."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Ni dai na san in namiji ya fara wannan goge-gogen, ba alheri yake sassaƙawa ba.

"Wata alfarma nake nema. Maganar Inna Hajo, a ɗan bar ta tukuna."

"A bar ta kamar yaya?"

"Gwaggo mutuniyar da ce, tana da tsauri a kan asali. Na ce mata a kasuwa kika sayi kaset ɗin. In an ɗaura aure komai zai zo da sauƙi."

"Ita Hajon fa, a kasuwa za a ce an saye ta?"

"Haba Jannah. Yini ɗaya ne fa. Mun yi magana da Umma, ta fahimta."

Mun yi magana da Umma! Jama'a, ku ji fa. An gama ƙulla yadda za a yi da kakata, ni ce ta ƙarshen ji. Na ture farantin zogalen na nufi kicin. Umma tana wanke tarwaɗa da toka, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta san abin da ya kawo ni.

"Umma, da gaske ne?"

"Da na so a kai ta Kaugama wurin gwaggonki, gwiwar ce ba za ta iya mota ba. Za ta ɗan zauna a ɗakin shinkafa har baƙuwar ta tafi."

"Ɗakin shinkafa? Uwar mai gidan?"

"Ki rage murya."

"Sata ta yi? Waƙa fa ta yi, Umma. Waƙar ma ta kakansu!"

Sai a lokacin ta ɗago, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Ke yarinya ce. Ni da na auri ubanki, yayyena sun shekara ba su taka gidan nan ba, wai na kai su gidan roƙo. Yayarki sau nawa ana zuwa bincike, daga an ji sai a ɗauke ƙafa? Kina gani sai da ta yi aure a nesa. Ke kina can kina yabon makarar murya a waya, mu muna nan muna haɗiyar abin da muryar ta jawo." Ta mayar da kai kan kifinta. Na san ba ƙarya ta yi ba. Abba kuwa, kamar yadda ya saba duk ranar da za a yi magana mai nauyi, ya sanar tun da wuri cewa gobe sammako zai yi fadama duba shinkafa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai su waye masu tsaurin asalin? Jikokin ɗan kokawa! Mutumin da ke shiga fili da warki, jiki duk ƙasa, yana kama ƙugun ƙartai. Ni ban raina shi ba, ni ce ma na tono shi na wanke shi na nuna wa duniya. Amma a fili ɗaya suka tsaya da Hajo, rana ɗaya ta dake su, ƙura ɗaya suka shaƙa. Shi ya zama abin alfahari, har sunansa suka rubuta a bayan motocinsu na ɗaukar riɗi. Ita ta zama abin ɓoyewa a bayan buhuna.

Da safe na shiga wurin Hajo da niyyar in ce mata kar ta motsa ko nan da can. Na tarar ta riga ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure kabarta da carbinta a ɗankwali.

"Hajo, ba inda za ki."

"Kama mini hannu, sarkin surutu."

"Wallahi in kika shiga ɗakin nan, ni ma ba zan fito gaban matar ba."

"Ke, rufe mini baki. A zamaninmu in mun gama waƙa, a ƙofar gida ake miƙo mana tuwo, ba mu taɓa ganin tsakar gidan ba. Yau ɗaki guda aka ba ni, har da ƙyaure, me kike so kuma?" Ta yi dariya, ni kuwa na kasa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaron nan yana son ki. Ba zan zama ni ce dutsen da za ki yi tuntuɓe da shi ba."

Haka na kama ta muka ratsa tsakar gida, tana ɗingishi tana yi wa kaji faɗa. Ɗakin shinkafa bango ɗaya ne da falon Umma, akwai 'yar taga a can sama. Na share mata wuri tsakanin buhuna, na shimfiɗa tabarmar, na ajiye mata ruwa a kofi. Da na ja ƙyauren, sai na ji kamar da hannuna na mare ta.

Bayan azahar Gwaggo Ramatu ta iso, direba ya tsaya a waje. Ƙanwar mahaifin Misbahu ce, 'yar Buba ta cikinsa, doguwa, mai faɗin kafaɗa, kana gani ka san jinin wa ta ɗauko. Leshi ruwan zuma ta sa, mayafi mai duwatsu, awarwaron zinare a hannu biyu suna ƙara duk ta motsa. Ni an sa ni shuɗiyar atamfa ɗinkin doguwar riga, an turara ni kamar za a kai ni yau. Na kawo burabisko da miyar kifi da zoɓo mai sanyi, na durƙusa na gaishe ta, na koma gefe na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

Ta dube ni daga ɗankwali har lallen ƙafa. Ta ce, "Masha Allah. Ke ce mai tone-tonen kaset?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To, an gode. Amma in an shiga ɗaki sai a rage, mace da yawan magana a waya ba tsari ba ne." Ta juya wurin Umma. "Hajiya, shi maigidan naki, Malam Shu'ibu, mahaifinsa me yake yi?"

"Masunci ne, daga baya ya koma noma. Ya daɗe da rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Mahaifiyar fa?"

Umma ta gyara zama. "Tana nan... tana ƙauye."

Na dubi 'yar tagar nan ta sama. Na san Hajo, gwiwa ce ta gaza mata, kunnenta ras yake.

Ana cikin haka wayar Gwaggo ta yi ƙara a jaka. Ku faɗa mini wane sauti ta sa wa kira? Ganga ta zagayo, aka yi 'yar makarar nan, sai muryar Hajo ta cika falon Umma. Fuskar Gwaggo ta washe kamar ba ita ba. Ta katse kiran ta ce, "Waƙar mahaifinmu ke nan. Bari in sa muku ita sosai, Hajiya, ki ji maza." Ta lalubo ta kunna, ta ɗora wayar a hannun kujera, tana kaɗa kai awarwaro na amsawa.

"Kin ji murya ko? Irin waɗannan an daina yin su. In tana raye Allah ya ba ta lafiya, in ta mutu Allah ya jiƙanta." Ta kurɓi zoɓo. "Su dai mutanen nan daɗin ji gare su daga nesa. A yi musu kyauta, a sallame su da mutunci. Amma ba a haɗa jini da su. Mu gidanmu ko da wasa ba ma yi, shi ya sa kika ga ina tambaya, kar ki ga kamar na cika bincike."

Umma ta ce, "Haka ne." Da kunnena na ji ta faɗa.

Waƙar ta kai gindin goriba, aka ji ƙyas ɗin jan farcena. Gwaggo ta danna ta tsayar. Ta ce, "Nan ne kullum yake ba ni haushi. Akwai abin da aka yanke a nan. Ina ƙarama Baba yakan rera wani abu a daidai wurin nan in yana gyaran komarsa ta kamun kifi, yana yi yana kallona yana dariya. Na yi na yi in tuna, ya ƙi zuwa."

Falon ya yi tsit. Rabin numfashi, wallahi ba ƙari.

Sai murya ta sauko ta 'yar tagar nan. Ta tsufa, ta dushe, tana karkarwa a ƙarshe, amma daga sama ta shigo, a makare, yadda babu mai yi sai ita:

*Ka kayar da maza da hantsi, da yamma aka miƙo maka jinjira,*
*Baban Ramatu, hannun da ya karya ƙato, yau ga shi yana rawa.*

Kofin zoɓon ya kusa suɓuce wa Gwaggo. Ta miƙe tsaye. Can ta ce, "Baban Ramatu... shi ne. Wallahi shi ne! Ranar sunana aka yi ta." Hawaye ya wanke mata hoda. "Hajiya, wace ce a ɗakin nan?"

Umma ta ce, "Wata tsohuwa ce, maƙwabciya, takan zo ta taya mu tsintar..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na san rashin kunya ne katse uwa a gaban baƙuwa, na kuma san abin da zan rasa. Na tashi na fita, na tura ƙyauren ɗakin shinkafa har ya bugi buhu. Hajo tana zaune ta toshe bakinta da hannu biyu, ƙaiƙayi a ɗankwalinta, kamar yarinyar da aka kama tana lasar miya.

Na ce, "Gwaggo, ga mai waƙar. Sunanta Hajo. Ita ta haifi ubana, a ɗakinta na girma, a akwatinta na samo kaset ɗin, ba a kasuwa ba."

Gwaggo ta tako har bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon Hajo tana kuka, har na fara cewa a raina, shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi, yanzu za ta durƙusa. Ashe ban san mutane ba. Daga tsaye, ko takalmi ba ta cire ba, ta zare awarwaro ɗaya ta jefa a cinyar Hajo, yadda ake jefa wa mawaƙi a fili. Ta ce, "Ga wannan, Iya. Kin tuna mini Baba. Allah ya yi albarka."

Kun gane abin da ta yi? Ta biya. Ta sallami zabiya. Matar da ta zo neman aure gidan, ta ga uwar mai gida, maimakon gaisuwa ta yi mata kyautar roƙo.

Hajo ta sauke hannunta daga baki. Ta ɗauki awarwaron da yatsa biyu ta ajiye a kan buhu. A hankali ta ce, "'Yar nan, na daina karɓa tun kafin a haifi yarinyar nan. Ranar sunanki ma ban karɓa ba, ubanki ya yi ya yi. In gaisuwa kika zo, ga tabarma." Ta matsa gefe, ta share wurin da tafin hannu.

Gwaggo ta dubi tabarmar. Ta dubi buhunan, ta dubi leshinta. Ta gyara mayafi ta ce wa Umma, "Hajiya, sai kun ji daga gare mu." Ko burabiskon ba ta taɓa ba.

Motar ba ta gama fita layinmu ba saƙon Misbahu ya shigo: "Yaya, an rabu lafiya? Inna ba ta fito ba ko?"

Ba ta fito ba ko. Kamar akuyar da aka ɗaure don kar ta ci shanyar baƙi. Na rubuta masa: "Ba ta fito ba, ni na buɗe. Awarwaron Gwaggo yana wurin Hajo, ta ce kar a aiko direba, mai shi ta zo ta karɓa da kanta." Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge. Daga nan shiru.

Umma ta shige ɗaki ta yi kukanta, ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba, wanda ya fi zagin ciwo. Abba ya dawo daga fadama, aka gaya masa, ya tsaya a tsakar gida da laka a ƙafa. Sai ya shiga ɗakin shinkafa ya ɗauko uwarsa cak kamar jaririya ya mayar da ita ɗakinta na bakin zaure. Ni na biyo su da tabarma.

Da muka rage mu biyu na ce, "Hajo, shekara da shekaru ina roƙon ki baitin nan kina kora ta. Me ya sa yau?"

Ta ce, "Ni ma ban san na yi ba. An bar wurin a buɗe ne, bakina ya shiga." Ta juya carbinta. Sai ta kamo hannuna, ba ta dube ni ba, ta ce, "Na ɓata miki ko, Jannatu?"

A nan ne na yi kukan da na riƙe tun safe. Matar da aka kulle da buhuna a gidan ɗanta, ita ce ke tambaya ko ta yi laifi. Na ce mata ba ta ɓata komai ba, abin da ke ɓace tun da can ne ya fito fili. Washegari na koma kan tsohon sharhin nan, na goge Zabiyar Baturiya, na rubuta: Hajo, kakata. Masu zagi sun fara, ku ci gaba, akwai wuri.

Kar ku ɗauka na daina son Misbahu. Da na daina da ban ji zafin nan ba. Kwana biyun nan ko motsin waya na ji sai na yi wuf na duba. Hajo kuma ta hana a naɗe tabarmar baƙi a ɗakinta, ta sa awarwaron a cikin faifai ta rufe da wani, duk motar da ta wuce sai ta tsayar da saƙa ta karkata kunne.

Ɗazu da hantsi ina wanke-wanke na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Wayata ta yi haske.

"Ina waje. Ki fito mu yi magana."

Na goge hannuna a zane na rubuta: "Ka san hanya. Ɗakin farko in ka wuce zaure. Ka shigo."

Ya karanta. Har yanzu da nake rubuta muku wannan ina jin ƙugin injin motarsa, bai kashe ba, bai tafi ba, bai kuma yi sallama ba. Hajo ta sa na canza mata ɗankwali, ta kakkaɓe tabarmar da hannunta, ta zauna tana kallon ƙofa.